Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa da Noman Rani a Yankin Sanyinna

Noman rani a Sanyinna da sauran garuruwan Tambuwal da Kebbe ya dogara ne a kan ruwan da ke kwance a ƙarƙashin fadamu. Shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990 shi ne ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban-ruwa masu shan fetur. A da, tsadar mai kan taƙaita yawan ruwan da manomi zai zuƙo. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, manoma da dama a Arewa suka koma ga injina masu aiki da hasken rana, waɗanda ba su da wannan takunkumi. Sauƙi ne ga aljihu, amma damina ɗaya ce tak, ta wata huɗu, ke mayar wa ƙasa abin da aka ɗiba.

Sau da yawa idan an ambaci tara ruwan sama, tanki da indararo ake nufi. Lissafi kuwa bai goyi bayan dogaro da su ba. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, a shekarar da aka samu ruwa milimita 700, zai tara lita 70,000 idan ba a yi asarar ko ɗigo ba. Wannan zai rage wa gida wahalar ruwa. Sai dai hekta ɗaya ta albasa tana shan fiye da lita miliyan 3 kafin a cire ta.

Ma'ajiyar da za ta iya ɗaukar irin wannan adadi ita ce ƙasar kanta. A Illela ta jihar Tawa a Nijar, tun ƙarshen shekarun 1980 manoma ke haƙa ramukan tassa da na rabin wata a kan fako, suna tare ruwa ya nutse maimakon ya kwarara. A ƙauyen Batodi, ruwan rijiyoyi ya taso daga zurfin mita 18 a 1994 zuwa mita 4 a 2004.

Wahalar ita ce aikin yana kan tudu, ribar kuma mafi yawa a fadama za ta bayyana, kuma ba lallai mai gonar tudu ya zama mai gonar fadama ba. Wanda zai biya ladan haƙan, magana ce da sai hakimai da ƙungiyoyin manoma sun zauna a kanta.