Calypso: Daga Share Nakiya zuwa Tsaron Teku

Masunta na Kabi, daga Argungu har zuwa fadamun Kalgo da Diggi, sun daɗe da sanin cewa ruwan da ba a hutar da shi, kifinsa ƙarewa yake yi. Turawa ba su farga da wannan game da teku ba sai a makare, kuma wani tsohon jirgin yaƙi mai suna Calypso yana cikin abubuwan da suka buɗe musu ido.

An ƙera jirgin a Seattle ta Amurka, aka saka shi a ruwa a 1942, sa'an nan aka ba sojan ruwan Ingila. Aikinsa shi ne share nakiyoyin da abokan gaba suka dasa a Bahar Rum. Da katako aka yi jikinsa, domin akwai irin nakiyar da ƙarfen jirgi ke tayarwa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare sai ya koma jirgin fito tsakanin tsibiran Malta da Gozo. A 1950 wani attajiri, Loel Guinness, ya saye shi ya ba Jacques Cousteau, hafsan sojan ruwan Faransa, haya a kan faran ɗaya tak a shekara.

To, amma kada a ɗauka tun farko aikin kiyaye halittu aka sa gaba. A 1954 jirgin ya yi wa wani kamfanin Ingila binciken man fetur a gaɓar Abu Dabi. Har ila yau, a cikin silimar da ta ci babbar lambar Cannes a 1956, an nuna mutanen jirgin suna fasa nakiya a ruwa don su ƙidaya matattun kifaye, abin da ko a kogin ƙauye ɓarna ce. A shekarar nan ce kuma Calypso ya zo mashigin tekun Gini, ya yi bincike a tsibiran Sao Tome da Annobon.

Yawan komawa wuraren da suka taɓa nutso, suna tarar da kifi ya ragu, shi ya sauya ra'ayin Cousteau. A 1960 ya tsaya tsayin daka har Faransa ta fasa zubar da dattin nukiliya a Bahar Rum, a 1973 kuwa ya kafa ƙungiyar kare teku mai ɗauke da sunansa.

A watan Janairu na 1996 wani jirgin dakon kaya ya banke Calypso a tashar Singafo, ya nutse. An tsamo shi, amma bai sake fita bincike ba, Cousteau kuma ya rasu a 1997.