Ciwon Gwiwa Ba Tsufa Kaɗai Ba Ne

Idan dattijuwa ta koma yin sallah a kan kujera saboda gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, ko aka ji ƙaras-ƙaras duk sa'ad da ta yunƙura za ta tashi daga tabarma, sai a ce sanyin ƙashi ne, ko kuwa girma ya zo. Su kansu likitoci sun daɗe suna ɗaukar amosanin gwiwa a matsayin zaizayewar guringuntsi kawai. Yanzu an gano akwai abin da ke cin gaɓar ta ciki. Kuma ba ƙaramin ciwo ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 365 ke fama da shi, mata sun fi yawa.

Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi ba shi da jijiyar jini ko ɗaya. 'Yan ƙwayoyin halittar da ke cikinsa daga ruwan gaɓa suke samun abinci. Yayin da suke amfani da iskar oksijin don samar da kuzari, suna fitar da wani burbushin sinadari mai cin duk abin da ya taɓa, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Jiki yana da nasa sinadaran masu kawar da burbushin, amma shekaru da ƙiba da tsohon rauni suna sa ɓarnar ta fi ƙarfin gyara. Sai ƙwayoyin su raunana, wasu su mutu, guringuntsi ya fara marmashewa.

A nan garkuwar jiki ke shigowa. Ƙwayoyinta da ke zaune a tantanin gaɓa suna ganin marmashin, su ɗauka rauni ne, su saki sinadaran kumburi. Waɗannan kuma su tunzura guringuntsi ya fitar da abin da ke narkar da shi kansa, burbushin ya ƙaru, garkuwa ta ƙara harzuƙa. Haka abin ke zagayawa shekara da shekaru. Kitse ma ba nauyi kaɗai yake ɗora wa gwiwa ba, yana zuba nasa sinadaran kumburi cikin jini; masu ƙiba sun fi samun amosani har a yatsun hannu, inda ba a ɗaukar nauyin jiki.

To, sai a sayi ƙwayar bitamin don kawar da burbushin? Masu talla za su so haka. An gwada bitamin E, bai hana guringuntsi ƙarewa ba. Abin da ya tabbata shi ne rage ƙiba, don kowane kilo ɗaya da aka sauke yana rage wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku, sai tafiya da motsa jiki mai ƙarfafa naman cinya. Kwanciya ƙara sandarar da gaɓa take yi.

Mai shan maganin kashe zafi kullum ba da sanin likita ba kuwa, ya sani yana iya jawo wa kansa gyambon ciki da ciwon ƙoda. A je asibiti a duba gwiwar tun tana lanƙwasuwa.