Tashar Baro Na Jiran Wakilin Jirgi

Babu kogin da jirgin kaya zai bi a Gwarzo ko Kabo, amma ta ruwa ake shigo da wasu sinadaran takin da manomin Getso ko Garo yake saya, kuma duk kwanan da kaya ya yi a tashar Legas da kan titi yana cikin kuɗin buhun. Shi ya sa batun Baro, tashar bakin kogin Kwara da ke ƙaramar hukumar Agaie a jihar Neja, ya shafi yammacin Kano. Daga Baro Turawa suka shimfiɗo layin dogon da ya iso Kano a 1911, kafin layin Legas ya janye wa Baro ciniki. A 2009 gwamnatin 'Yar'aduwa ta ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro, Shugaba Buhari kuma ya buɗe sabuwar tashar a Janairun 2019. Aka yi biki aka watse, jirage ba su zo ba.

Kowa ya san dalilan da ake kawowa: titin Agaie zuwa Katcha zuwa Baro da ya daɗe ba a kammala ba, tsohon dogon da ya mutu, da yashin da yake dawowa ya cike hanya. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai giɓin da ba a cika ambata ba, wato rashin wakilan jirage. Mai jirgi yana can nesa, wakilinsa ne yake sanar da tasha ranar isowa, ya kama wa jirgi gurbi, ya miƙa wa kwastan takardar kaya, ya biya kuɗin tasha, ya tanadi mai da ruwan sha da abincin ma'aikata. Aikin ya yi kama da na fatoma a zamanin fataucin goro, mai saukar da baƙo ya tsaya masa. A kogi nauyin ya fi na teku, domin Kwara yana cika ne a ƙarshen damina, ya ja baya da rani. Dole wakili ya san zurfin ruwa a wannan makon, ya faɗa wa mai jirgi iya lodin da zai ɗauka, in ba haka ba jirgi ya kafe a yashi, tarar jinkiri tana hawa kullum.

Za a ce ai sai jirgi ya zo ake buƙatar wakili, don haka a fara da titi. Titi kam wajibi ne, amma mai jirgi ba ya turo jirginsa inda zai koma fanko. Yana son wanda zai tabbatar masa da cewa waken soya da riɗi da zoɓo suna jira a bakin ruwa, kuma irin wannan tabbacin sai wanda ya san 'yan kasuwar Dawanau da masu tara amfanin gona a ƙauyuka ne zai iya bayarwa. Nan ne Gwarzo da Kabo suke da abin cewa, domin titin da ya ratsa su yana tsakanin tashoshin tudu biyu: ta Dala a Zawachiki, wadda aka buɗe a 2023, da ta Funtuwa, a 2024.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi. Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari yana da labarin ejan da ya tsawwala masa kuɗin da babu rasit, to me zai sa a ƙara wani mai cin la'ada? Ejan mai fito da kaya daban, wakilin jirgi daban, amma tsoron yana kan hanya. Maganinsa lasisi ne da farashin da aka kafe a fili. Hukumar hanyoyin ruwa ta NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, da majalisar masu safarar kaya ta ƙasa, wadda aka ɗora wa sa ido kan kuɗaɗen tashoshi tun 2014, su ne ya kamata su fitar wa Baro da wannan tsari tun kafin a gama zuba kwalta.