Kimanta aiki da girman riga: Abubuwan da ya kamata ka sani

Tambayi mai ƙera manhaja kwana nawa aiki zai ci, ya ce maka uku, ka dawo bayan mako biyu ka tarar yana kai. Ba ƙarya ya yi ba. Tun 1979 masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa mutum yakan raina lokacin da aikinsa zai ɗauka. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suka koma auna aiki da girman riga.

Daga ina abin ya samo asali?

A Fabrairun 2001 masana manhaja 17 suka haɗu a Snowbird ta jihar Utah a Amurka, suka rubuta ƙa'idojin tsarin Ajayil: a yi aiki guntu-guntu, a sauya shiri idan buƙata ta sauya. Shirin da ke sauyawa kullum yana son ƙiyasi mai sauri irin na girman riga, wanda ba zai cinye yini guda ana lissafi ba.

Yaya ake yi?

Ƙungiya takan ɗauko wani aiki da kowa ya san wahalarsa, ta kira shi matsakaici. Sauran ayyuka sai a gwada su da shi, a ba su alamomin da ke wuyan riga: S, M, L, XL. Sauya launin maɓalli ƙarami ne. Haɗa manhaja da tsarin biyan kuɗi na banki babba ne, domin akwai abubuwa da yawa da ba a sani ba tukuna. Abu uku ake duba: yawan aikin, sarƙaƙiyarsa, da rashin tabbas.

Me ya sa wannan hanya take aiki?

Dillali a kasuwar dabbobi zai iya kasa faɗin kilo nawa rago yake, amma da kallo ɗaya ya san wanda ya fi ƙiba. Ido ya fi gwanancewa a kwatance fiye da awo.

Idan ra'ayi ya bambanta fa?

Nan ne amfanin yake. Kowa ya zaɓi girma a ɓoye, a buɗe lokaci ɗaya, kamar wasan katin ƙiyasi da James Grenning ya bayyana a 2002, Mike Cohn ya yaɗa a littafinsa na 2005. Idan ɗaya ya ce S wani ya ce XL, to akwai abin da ɗayansu ya hango wanda ɗan'uwansa bai gani ba. A tattauna kafin a fara. Aikin da ya kai XL kuwa, a rarraba shi.

Ina ake kuskure?

Babban kuskure shi ne shugaba ya ce M kwana uku ne, ya mai da ƙiyasi alkawari. Daga ranar kowa zai fara kumbura girman aikinsa don kare kai. Kada kuma a kwatanta ƙungiya da ƙungiya, domin M ɗin wannan tela ba shi ne na wancan ba. Duk mai son sanin ranar kammalawa, ya duba ayyuka nawa ƙungiyar ta gama a makonnin baya, ya ɗora lissafinsa a kai.