Sauya waya ko kwamfuta don kare sirri: me yake tarewa, me ba ya tarewa?

A Agadas wayar salula ta wuce abin gaisuwa. Ita ce asusun ɗan kasuwa da ke aika kuɗi ta Nita ko Amana, ita ce littafin bashi na mai shago, kuma ita ce igiyar da ke haɗa mai haƙar zinariya a Cibarkaten da iyalinsa a gari. Direban da ke bin hanyar Dirku yana ajiye lambobin abokan hulɗarsa a cikinta, baƙon da ya nufi Libiya ko Aljeriya kuma lambobin danginsa kaf suna ciki. Duk wanda ya samu shiga wayar mutum ya san inda yake kwana, da wa yake magana, da abin da ya mallaka.

Wannan ne ya sa a ƙasashe da dama wasu ke barin wayoyi da kwamfutocin da aka saba da su, suna komawa ga waɗanda aka ƙera domin kare sirri. Kafin mutumin Agadas ya fidda kuɗinsa, ya kamata ya san ta waɗanne ƙofofi sirri ke fita, da kuma wadda sabuwar na'ura za ta iya rufewa.

Ƙofa ta farko: kamfanonin da suka ƙera wayar

Galibin wayoyin da ke hannun jama'a suna aiki ne da Android, babbar manhajar kamfanin Google na Amurka. A watan Oktoba na 2021, masu bincike na jami'ar Trinity College da ke Dublin da jami'ar Edinburgh sun auna abin da wayoyin Samsung, Xiaomi, Huawei da Realme ke aikawa. Sun gano cewa ko waya tana ajiye ba a taɓa ta ba, tana tura bayanai zuwa ga kamfanin da ya ƙera ta da Google da wasu kamfanoni, ciki har da lambobin shaidar wayar da jerin manhajojin da ke kanta. Mai wayar kuwa ba shi da madannin da zai kashe wannan aiken.

Wayoyi masu araha sun taɓa zuwa da abin da ya fi haka. A watan Agusta na 2020, masu binciken Secure-D sun bayyana cewa wayoyi kusan 53,000 ƙirar Tecno W2, da aka sayar a ƙasashe irin su Habasha, Masar, Gana, Kamaru da Afirka ta Kudu, sun iso hannun masu saye da muguwar manhaja mai suna Triada a cikinsu. Aikinta shi ne ta yi wa mutum rajistar ayyukan biya ba da saninsa ba, kuɗin kiransa su riƙa zurarewa. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya ce matsalar ta fito ne daga wani mai kawo masa kaya, kuma ya fitar da gyara.

Ƙofa ta biyu: layin da ke ɗaukar magana

Kowace waya, ta jikka goma ce ko ta jikka ɗari biyar, sai ta gabatar da kanta ga eriyar da ke kusa kafin ta samu reso. Ta haka kamfanin layi, Airtel ne ko Moov Africa ko Zamani ko Niger Telecoms, yake sanin unguwar da wayar take, lambar da ta kira, da tsawon lokacin da aka yi ana magana. Layin yana da rajista da sunan wani, ita kanta wayar kuma tana da lambarta ta dindindin da ake kira IMEI, wadda ke fitowa idan aka danna *#06#. Sauya layi ba ya sauya wannan lamba.

Mutanen arewa sun san wannan ƙofa tun lokacin tawayen MNJ. Ranar 20 ga Satumba 2007 aka kama ɗan jarida Musa Kaka, wakilin RFI kuma shugaban rediyo Sarauniya, bisa hirarrakin tarho da aka naɗa tsakaninsa da jagoran ƴan tawayen. Sai a watan Oktoba na 2008 aka sake shi, bayan fiye da shekara guda a tsare.

Ranar 29 ga Mayu 2020 majalisar dokoki ta amince da dokar da ta bai wa hukuma damar sauraron wasu hanyoyin sadarwa saboda dalilan tsaron ƙasa da yaƙi da ta'addanci. Ƴan adawa da ƙungiyoyin farar hula sun soki dokar, suna cewa izinin sauraren ya rataya ne ga ɓangaren zartarwa ba ga alƙali ba. Akwai kuma dokar 2019 ta laifukan intanet, wadda aka cire wa hukuncin ɗauri kan ɓata suna a 2022, sannan aka maido da shi a watan Yuni na 2024. Ke nan saƙon da mutum ya tura cikin zauren WhatsApp yana iya kai shi gaban alƙali, ko da wace irin waya ya tura shi.

Ƙofa ta uku da ta huɗu: manhajar leƙen asiri da hannun makusanci

Akwai manhajojin leƙen asiri masu tsada da gwamnatoci ke saye, mafi shahara ita ce Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila. A 2020 cibiyar Citizen Lab ta Kanada ta nuna cewa an hari wayoyin wasu malaman coci da ƴan adawa a Togo da ita. Irin wannan makami ana tanadinsa ne domin ƴan jarida, ƴan siyasa da masu fafutuka. Talakan gari ba kasafai ake kashe masa waɗannan kuɗi ba.

Abin da ya fi cin talaka shi ne hannun da ke kusa. Wayar da aka bari wurin mai gyara tare da lambar buɗewa, wadda aka ajiye wurin mai caji tun safe har la'asar, katin memori da aka miƙa domin a tura waƙoƙi da fina-finai, ko ɗan damfarar da ya kira ya ce a karanta masa lambobi shida da suka shigo ta saƙo. A kan hanyar Libiya abin ya fi muni: ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha ba da rahoton yadda masu tsare baƙin haure ke kiran danginsu ta waya domin neman kuɗin fansa.

Wayoyin da aka raba da Google

Masu sauya waya a Turai da Amurka sun fi komawa ga abu biyu. Na farko shi ne GrapheneOS, wani nau'in Android da aka ƙarfafa tsaronsa, wanda ake sakawa a wayoyin Pixel. Na biyu shi ne /e/OS, wanda Bafaranshe Gaël Duval ya ƙirƙiro, kuma kamfaninsa Murena ke sayar da wayoyi da shi a ciki, har da Fairphone ta ƙasar Holan. A binciken 2021 da aka ambata, /e/OS ce kaɗai aka samu kusan ba ta aika komai.

Waɗannan wayoyi suna rufe ƙofa ta farko sosai, GrapheneOS kuma tana ƙara wa mai son kutsawa wahala. Sai dai ba sa ɓoye mutum daga eriya, kuma idan ya ɗora musu Facebook da TikTok ya ba su izinin ganin lambobinsa da wurin da yake, an gudu ne ba a tsira ba.

Sannan akwai batun aljihu. Fairphone 5 ta fito a 2023 kan Yuro 699, kusan jikka 458 na sefa, wato fiye da albashin wata goma ga mai karɓar albashi mafi ƙanƙanta na jikka 42. Idan gilashinta ya fashe, kayan gyara sai an yo odarsu daga waje. Wasu manhajojin banki kuma sukan ƙi aiki a wayar da aka sauya wa babbar manhaja, don haka mai mu'amalar kuɗi ta waya sai ya gwada kafin ya saki tsohuwar.

Ƙaramar waya da Thuraya

Mutane da yawa suna riƙe da ƙaramar waya mai madannai saboda tana daɗewa da caji, wasu kuma suna ganin ta fi rufin asiri. Gaskiya ne ba ta da tarin manhajojin da ke kwasar bayanai. Amma kiranta da saƙonninta suna bi ta hannun kamfanin layi ba tare da kullen da ke hana shi gani ba. Ta wannan fuska kiran WhatsApp ko Signal ya fi ta, domin tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙo daga wayar mai aikawa har zuwa ta mai karɓa. Duk da haka kamfanin Meta yana ganin wa ya yi magana da wa, da yaushe. Signal tana ajiye bayanai kaɗan ƙwarai. Telegram kuwa, da wasu suka koma mata a farkon 2021 lokacin da WhatsApp ya sauya ƙa'idojinsa, ba ta yi wa zauruka wannan kulle, hirar mutum biyu ma sai an zaɓi hirar sirri.

Ita Thuraya, wayar tauraron ɗan Adam da direbobin hamada da masu zinariya suka dogara da ita tun bayan gano zinariyar Jado a 2014, tana ceton rai a Tenere inda babu reso. Ba a yi ta don ɓoyo ba. Kafin ta haɗa kira sai ta sanar da cibiyar kamfanin wurin da take, kuma tun 2012 masu bincike a jami'ar Bochum ta Jamus suka nuna cewa ana iya fasa kullen muryarta.

Kwamfuta: inda sauyin ya fi sauƙi

A ɓangaren kwamfuta, wadda wasu ke kira odinata, lissafin ya bambanta. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika gyaran tsaro ga Windows 10, sai ga waɗanda suka yi rajistar ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma ba ta hawa tsofaffin kwamfutoci da dama, irin na hannu da ke shigowa daga Turai. Ɗalibin jami'ar Agadas, sakataren ƙungiya ko mai shagon buga takardu da ke riƙe da irin wannan na'ura yana iya tsintar kansa da ƙofa a buɗe, musamman idan Windows ɗin ta bogi ce, ana kuma cusa mata kile daga kowane hannu.

Mafita a nan ba ta buƙatar sabuwar kwamfuta. Linux babbar manhaja ce ta kyauta da Linus Torvalds ya fara a 1991, kuma nau'o'inta irin su Ubuntu da Linux Mint suna da Faransanci, suna tafiya a tsohuwar na'ura, ga LibreOffice a madadin Word da Excel. Kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, shi ya sa ɓoye abin leƙe a cikinta ke da wuya. Jandarmomin Faransa sun fara komawa Ubuntu a 2008, kuma dubun-dubatar kwamfutocinsu suna aiki da ita. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux.

Akwai wahala kaɗan. Wasu injunan buga takarda da manhajojin lissafin kuɗi an yi su ne domin Windows kaɗai, takardar Word mai ado da yawa kuma takan ɗan karkace. Ana iya gwada Linux daga kile ba tare da an goge komai ba, kuma wajibi ne a kwafe takardu a wani wuri kafin a girka ta.

Abin da ba ya buƙatar ko dala

Ga mafi yawan jama'a, gyaran ɗabi'a ya fi sauya na'ura amfani. A kulle waya da lambobi shida ko fiye, ban da shekarar haihuwa. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, a kuma kunna kulle ga ajiyar saƙonnin da yake turawa Google Drive, domin ba ya kulle ta da kansa. Lambar da ta shigo ta saƙo ba a karanta wa kowa, ko ya ce daga kamfanin layi yake. Kafin a bai wa mai gyara waya a cire layi da katin memori, idan aikin na buƙatar buɗe ta a tsaya a wurin. A duba izinin manhajoji: fitilar waya ba ta da abin yi da lambobin mutane. Wayar hannu kuma a goge ta tas kafin a fara aiki da ita, haka ma kafin a sayar. Layin da ke da rajista da sunan wani a gyara shi, domin ranar da ya ɓace ko rigima ta taso, mai sunan ne kamfani zai saurara.

Doka ma ta ba da wata kafa. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutum a 2017, ta sabunta ta a watan Disamba na 2022, kuma aka ɗora wa hukumar HAPDP a Yamai alhakin kula da ita. Mutum yana da damar sanin abin da kamfani ya ajiye game da shi, ya nemi a gyara, ya kuma kai ƙara gaban hukumar.

Ɗan jarida, lauya ko ma'aikacin agaji da ke riƙe da sunayen mutanen da rayuwarsu za ta shiga haɗari idan sun fita, kuɗin waya mai ƙarfin tsaro ba asara ba ne a wurinsa. Mai tsohuwar kwamfuta zai ci riba da Linux ba tare da ya sayi komai ba. Sauran jama'a kuma su tuna cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: maganar da fitarta za ta jawo wa mutum ko danginsa masifa, a yi ta baki da baki, wayoyi suna wani ɗaki.