Gwajin Jini da na Fitsari Wajen Gano Sankarar Furostet: Bayani ga Mazauna Tirkaniya

Furostet wata 'yar tsoka ce mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, tana kewaye da hanyar fitsari. Sankarar da ke kama ta ita ce ta fi kowace sankara yawa a tsakanin mazan Nijeriya, kuma ta fi addabar baƙar fata. Abin damuwa shi ne, a farkonta ba ta cika nuna alama ba, har sai ta yaɗu zuwa ƙashi.

Domin haka masana suka duƙufa wajen neman alamomin cutar a cikin jini da fitsari, ba tare da an taɓa tsokar ba. Na farko shi ne sinadarin PSA, wanda furostet ke samarwa. A shekarar 1994 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa auna shi a jini domin gano cutar. Bisa al'ada, idan ya haura nanogiram 4 a kowace mililita, likita zai ƙara bincike.

Sai dai hauhawar PSA ba hukunci ba ce. Kumburin furostet na tsufa, ko kamuwa da ƙwayoyin cuta, ko sanya robar fitsari, duk suna iya ɗaga shi. Haka kuma akan sami mai sankara alhali awonsa bai kai 4 ba.

Wannan giɓi ne ya sa aka ci gaba da nema. A shekarar 1999 masu bincike suka bayyana PCA3, wata alamar ƙwayar halitta da ke yawaita ƙwarai a tsokar da ta kamu. Ana auna ta a fitsarin da aka karɓa bayan likita ya danna furostet da yatsa, kuma kumburin tsufa ba ya rikita sakamakonta kamar yadda yake yi wa PSA. A 2012 Amurka ta amince da wannan gwaji, da kuma PHI, wanda ke haɗa nau'i uku na PSA a lissafi guda. Amfaninsu shi ne tantance wanda ke buƙatar a tsakuro tsokarsa da allura, domin har yanzu ta wannan hanya ake tabbatar da cutar.

Saboda haka ana kira ga magidantan Tirkaniya da kewaye da suka kai shekara 45, musamman wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya taɓa kamuwa, su tuntuɓi likita game da awon PSA. Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri yana kusa, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Duk wanda ya ga jini a fitsari, ko fitsarin yana yi masa wuyar fita, ko ciwon baya ya ƙi tafiya, kada ya tsaya jin kunya. Idan aka gano cutar da wuri, ana samun waraka da yardar Allah.