Tsibiran Pelaji: teku ɗaya, jiragen ruwa iri biyu

A Agadas da Yamai, in aka ce Lamfedusa, abin da ke zuwa a rai shi ne ƴan bakin haure da kwale-kwale. A wajen masu kuɗin Turai kuwa, sunan wurin hutu ne. Daga watan Yuni zuwa Satumba sukan yi hayar jirgin ruwan shaƙatawa, wanda suke kira yot, mai ɗakunan kwana da wurin dafa abinci, galibi har da matuƙinsa, su yi mako guda suna zagaya tsibiran.

Tsibiran uku ne, ana kiransu Pelaji, daga kalmar Girkanci mai nufin tsakiyar teku. Na Italiya ne, amma Lamfedusa, babbansu, ya fi kusa da Afirka: kilomita 113 daga gaɓar Tunisiya, sama da 200 daga Sisiliya. Faɗinsa murabba'in kilomita 20 ne, mazaunansa kimanin 6.000. Ƙasa ce ta farin dutse, itatuwa kaɗan, iska da yawa.

Abin da ke jawo baƙi shi ne ruwan. Ya yi garau har jirgi kan zama kamar yana shawagi a iska, inuwarsa na kwance kan rairayin ƙasan teku. Bakin ruwan da ya fi suna shi ne na Tsibirin Zomaye, wanda shafin TripAdvisor ya ba lamba ɗaya a duniya a 2013. Kunkurun teku na zuwa nan su binne ƙwai cikin rairayi da dare, shi ya sa ake ƙayyade yawan masu shiga. Tun 2002 aka keɓe ruwan tsibiran, don haka kuɗi ba ya ba mai jirgi damar tsayawa inda ya ga dama.

Linosa, kimanin kilomita 40 ta arewa maso gabas, daban take. Tsohon dutse mai aman wuta ne, ƙasar baƙa, gidajen masu launi iri-iri, mutanen ƴan ɗaruruwa. Dubban tsuntsayen teku na sheƙa cikin ramukan duwatsu, kukansu da dare kamar na jarirai. Lamfiyone kuwa dutse ne kawai da fitilar jagorar jirage, babu mai kwana can.

Sai dai hanyar masu hutu da ta masu neman tsira guda ce. Da asubahin 3 ga Oktoban 2013, wani jirgin kamun kifi da ya taso daga Misirata ta Libiya da mutane kusan 500, mafi yawansu ƴan Iritiriya, ya kama wuta ya kife daf da Tsibirin Zomaye. Mutum 368 suka rasu. Waɗanda suka fara kai ɗauki abokai takwas ne da suka kwana cikin ƙaramin jirgin shaƙatawa a kusa. Da fari sun zaci kukan tsuntsaye suke ji. Sun tsamo mutum 47, a jirgin da ba a yi shi don ɗaukar rabin hakan ba.

Ba karamci kaɗai ba ne. Dokar teku ta duniya ta wajabta wa kowane matuƙi, na yot ko na jirgin dakon kaya, ya taimaki wanda ke cikin haɗari, muddin ba zai jefa nasa jirgin cikin halaka ba, ya kuma sanar da masu gadin teku.

Kwararar ba ta tsaya ba. A Satumban 2023, cikin ƴan kwanaki, waɗanda suka sauka Lamfedusa sun fi mazauna tsibirin yawa. Watanni biyu bayan haka hukumomin Nijar suka soke dokar 2015 da ta haramta safarar ƴan ci-rani ta hanyar Agadas. A tashar ruwan tsibirin, jiragen masu hutu na ɗaure ba nisa da gadar Fabaloro, inda ake sauke waɗanda aka ceto.